Tsohon keken tsere da zuwa aiki a Sakkwato: me za a canza, me za a bari?

Tambaya: Assalamu alaikum Baba. Ni malamin firamare ne, ina zaune a Mabera, makarantarmu kuma tana wajen Arkilla, kusan kilomita 7. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 kuɗin kabu-kabu ke cinye min albashi. Kawuna ya ba ni wani tsohon keken tsere, Peugeot, mai kai irin ƙahon rago da siraran tayoyi. A Konni ya saye shi tun yana saurayi, ya daɗe a rataye a zaure. Ba shi da nauyi, da hannu ɗaya nake ɗaga shi. Amma sati biyu da na yi ina hawansa, wuyana da wuyan hannuna da mazaunina duk ciwo suke, na yi faci sau huɗu, sarƙa kuma ta yage min ƙafar wando. Wasu sun ce in sayar in sayi babban keke, wasu sun ce in sa masa ƙaton sirdi mai soso. Me kake gani?

Amsa: Wa'alaikumus salam, ɗana. Allah ya saka wa kawunka da alheri, abu mai kyau ya ba ka. Kada ka sayar. Na haura shekara 30 ina kwance kekuna ina ɗaurawa a garin nan, kuma duk ranar da aka turo min irin wannan sai na ji daɗi a raina tun kafin in taɓa shi. Nauyinsa bai wuce kilo 12 ko 13 ba, babban keken da ake ce maka ka saya kuwa ya kai kilo 20. Shi babban keke don buhun gero da jarkar ruwa da hanyar ƙauye aka yi shi, a can ba shi da na biyu. Kai kuwa jikinka ne da jakar littattafai za ka ɗauka, a kan kwalta. Duk tsayawa da tashi a shataletale, ƙafarka ce za ta biya wancan ƙarin nauyin.

Ciwon da kake ji ba tsufan keken ya jawo shi ba. An ɗinka keken ne daidai jikin wani mutum daban, saurayi mai gajeren wando da ke son ya kwanta a kansa ya tsaga iska. Kai malami ne mai kaftani, kana so ka isa aji ba tare da rigarka ta jiƙe ba. Yadin mai kyau ne, ɗinkin ne ba naka ba. Don haka za mu warware ɗinkin a inda jikinka ke taɓa keke, wato sirdi da kai da feda, sannan mu koma inda keke ke taɓa ƙasa. Nan ne kuɗinka za su tafi.

Amma kafin ka kashe ko naira ɗaya, a tabbatar firam ɗin lafiya yake. Ka fito da shi rana, ka goge ƙura, ka shafa yatsanka a ƙarƙashin bututun ƙarfe biyun nan daidai inda suka haɗu da gaban keken. Idan ka ji wani ɗan kumburi, ko ka ga fenti ya tattare kamar fatar tsoho, to an taɓa yin karo da shi ta gaba. Ka tsaya daga gefe ka dubi fok, ƙarafa biyun da ke riƙe da tayar gaba: ya kamata su bi layin wuyan keken su sauko kafin su lanƙwashe gaba, kada su koma baya. Sai ka hau a fili inda ba abin hawa, ka sassauta hannu. Keke mai lafiya yana tafiya ɗoɗar. Wanda ke jan ka gefe ɗaya, akwai abin da ya karkace. Ƙarfe ne, ƙaramar karkata tana miƙuwa a hannun wanda ya iya, amma firam da ya tsage ban yarda ka ɗora ranka a kansa ba ko da mai walda ya rantse maka.

Abin da ya taimake ka shi ne garinmu busasshe ne. Keken da tsatsa za ta cinye a Legas ko Kwatano, a zauren Sakkwato sai ya shekara 20 ƙarfensa garau. Abin da zafinmu ke kashewa roba ce da giris. Kwanan baya na buɗe cibiyar garen baya na wani irinsa, na tarar giris ya bushe ya yi baƙi kamar tsohuwar daddawa, ya haɗe da jar ƙasa, sai da na bi shi da tsinke ina kankarewa kafin 'ya'yan boris su fito. Mai keken kuwa cewa yake ƙafarsa ce ba ta da ƙarfi. Saboda haka a buɗe cibiyar gaba, da ta baya, da tsakiya inda feda ke juyawa, da wuya. A wanke da kananzir, a sa sabon giris, a zuba sababbin 'ya'yan boris, ba su da tsada. A al'ada gaba na cin 10 kowane gefe, ƙanana, baya na cin 9 kowane gefe, tsakiya 11, amma mai gyara ya ƙirga abin da ya tarar. A ɗaure daidai, gare ya riƙa juyawa sakayau ba tare da yana kaɗawa gefe ba. Wannan aikin kaɗai zai sa ka ji kamar an canza maka keke.

Yanzu ga maganar da nake so ka riƙe da kyau, don a nan ake lalata irin kekenka. Ɗan Faransa ne, kuma Faransawa a wancan zamanin ma'auninsu daban yake da na Ingila da Japan, wanda kusan duk kayan gyaran kasuwarmu ke bi. Bambancin kaɗan ne, ido ba ya ganinsa, shi ya sa yake da haɗari. Ina yaro a gaban maigidana, Allah ya jiƙansa, aka kawo wani Peugeot fedarsa ta karye. Na ɗauko sabuwar feda na fara ɗaurawa, ta shiga zagaye biyu ta cije. Na ɗauka datti ne, na sa sifana na danna da ƙarfi. Ta shiga, amma ta cinye tiredin, wato haƙoran nan na ciki da ƙarfe ke bi. Bayan kwana uku mai keke ya dawo da fedar a hannunsa. Maigidana bai ɗaga min murya ba. Ya ɗauko tsohuwar fedar, ya goge gindinta da babban yatsa, ya nuna min harafin D a jiki, ya ce: "Ba ka ga wanga ba? Keken ga ɗan Faransa na, tiredinai daban na." Shi ya biya mai keken daga aljihunsa, kuma har yau ba na ɗaura wa tsohon keke komai sai na fara gwadawa da yatsu.

To ka duba fedarka. Idan ka ga D da G, na Faransa ne, dama da hagu ke nan a harshensu. Idan R da L ne, irin na kowa ne. Kaurin fedar Faransa milimita 14 ne, na kowa ya ɗara haka da ɗan kaɗan, kuma ana iya sake yanka tiredin da ƙarfen yankan tiredi ya koma irin na kowa, a wajen wanda yake da kayan aikin. Wuyan keke, sandar da ke shiga fok tana riƙe da kai, na Faransa milimita 22.0 ne, na kowa 22.2. Tsakiyar keken ma tiredinta daban, don haka kofunan ƙarfen da ke wurin a wanke su a mayar, kada wani yaron shago ya jefar da su ya ce zai sa sababbi. Daga shekarun 1980 Peugeot ta fara barin wannan ma'auni, to mai yiwuwa naka ya faɗo bayan nan, amma a auna tukuna. Ƙa'idar guda ce: duk abin da ya ƙi shiga da yatsu zagaye uku ko huɗu, ba nasa ba ne. Kuma ka tuna fedar hagu a kowane keke baibai ake kwance ta.

Sai tsawon sirdi, kuma wannan kyauta ne. Yawancin mutanenmu suna sauke sirdi ƙasa don ƙafa biyu su taka ƙasa suna zaune, shi ke kawo ciwon gwiwa da saurin gajiya. Ka jingina da bango, ka hau, ka ɗora dundunenka a kan feda lokacin da take can ƙasa. Ƙafarka ta miƙe sak, ba tare da ƙugunka ya karkata ba. Idan ka mayar da gaban tafin ƙafa kan feda, yadda ake tuƙi, za ka ga gwiwa ta ɗan lanƙwashe kaɗan. Nan ne wurinsa. In za ka tsaya, ka zamo gaba ka sauke ƙafa ɗaya. Kwana biyu za ka ji baƙon abu, daga nan ka saba. A jikin sandar sirdi akwai wani layi da aka zana, kada ya fito waje. Idan ya goge, a bar aƙalla santimita 7 a ciki. In sandar ta maƙale saboda daɗewa, a ɗiga mata mai a bar ta kwana biyu, kada a dake ta da guduma.

Ciwon wuya da na hannu kuwa daga kan keken yake. Ƙahon ragon nan yana ƙasa da sirdi kuma yana nesa, sai nauyinka ya zube a kan tafin hannu, kai kuma kana ɗaga kai sama don ka ga hanya. Mai tsere yana danna feda da ƙarfin da ke ɗauke masa nauyin ƙirjinsa daga hannu. Mai tafiya a hankali ba shi da wannan, hannunsa ne ke ɗauke da komai. Za ka iya fara ɗaga wuyan keken zuwa layinsa ka gani, amma ga tafiya irin taka shawarata a cire ƙahon gaba ɗaya. Ka je wajen masu kekunan gwanjo ka nemi kan keken Japan irin na zuwa cefane, wanda hannayensa suka lanƙwaso baya wajen mahayi. Ka saye shi tare da wuyansa da hannayen birkinsa, a haɗe. Dalili: wurin da wuya ke kama kai a na Faransa milimita 25.0 ne, na Japan 25.4, in aka buɗe bakin wuyan da ƙarfi don ya shiga, wata rana zai tsage. Hannayen birkin ƙaho kuma don ƙarfe mai kaurin 23.8 aka yi su, miƙaƙƙen kai 22.2 ne, ba za su zauna ba. Shi sabon wuyan, idan fok ɗinka na Faransa ne, a bi ƙasansa da sanfefa a hankali, ana gogewa ana gwadawa, har ya shige. Abin da za a rage bai kai kaurin farce ba. Kuma idan ka ga an rubuta AVA a jikin tsohon wuyan, cire shi ko da bai nuna komai ba, an san su da tsagewa.

Kada a karɓi hannun birki irin na kekunan hawan dutse na zamani, masu dogayen hannayen birki a gefen taya. Suna jan waya da yawa amma ba ƙarfi, za ka matse ka ji tauri, keke kuma yana tafiya abinsa. Kan babban keke mai birkin sanda shi ma ba zai yi ba.

Ina ne daidai tsayin sabon kan keken? Inda za ka riƙe ya ɗara sirdi tsawo da kamar yatsu uku zuwa faɗin tafin hannu. Ka zauna kamar wanda ke kan kujera ya ɗan karkato gaba zai karɓi abu, gwiwar hannu a ɗan lanƙwashe, kafaɗa a sake. Ban so ka miƙe tsaye cak kamar sanda. In ka yi haka duk nauyinka zai koma kan sirdi, kowane rami zai bi ƙashin bayanka ya hau, ga kuma iska. Mutane na cewa garinmu shimfiɗaɗɗe ne, gaskiya ne, in ban da gangaren da ke sauka wajen gulbi ta Kwalkwalawa da 'yan tuddai nan da can. Amma tudunmu na gaskiya iskar hunturu ce. Daga arewa maso gabas take busowa, da safe za ta tura ka zuwa Arkilla, dawowa Mabera kuwa za ta tare ka a ƙirji. Ranar nan za ka gode wa ɗan karkatawar da ka bari.

Sai bayan an gama da kai za a yi maganar sirdi, domin zaman ya canza. Siririn sirdin tsere na mai sunkuyawa ne. Da ka ɗago, kana bukatar mai ɗan faɗi ta baya, yadda ƙasusuwan zama biyu za su sami wurin sauka. Faɗi ake nema, ba laushi ba. Ƙaton soson nan da ake ce maka ka sa, minti biyar na farko daɗi ne da shi, daga nan ƙashi ya nutse ciki, soso ya taso ya danne naman tsakiya inda jijiyoyi suke, ga zafi da gumi a watan Afrilu, sai ƙuraje da saɓar fata. Ka nemi matsakaici mai ɗan tauri, in da sifirin biyu a ƙarƙashinsa ya yi kyau. A daidaita shi a kwance, hancinsa kada ya kalli sama ko ƙasa. In ya kalli ƙasa za ka riƙa zamewa gaba, ciwon hannu ya dawo. Idan kuwa sirdin da ke kai na fata ne mai kauri, aka rubuta Idéale ko Brooks, kuma bai tsage ba, kada ka yar. Ka shafa masa ɗan man kaɗe ta ƙarƙashi, kaɗan ƙwarai, ka ba shi wata guda, zai ɗauki siffar jikinka. Na roba kuma da ya yage, dukawanmu sun iya rufe shi da fatar akuya, ta fi baƙar leda sanyi idan keke ya wuni a waje. Ka sani kuma, ko da wane sirdi ne, sati biyun farko sai an ji jiki.

Mu zo kan taya da facin nan huɗu. Kafin ka je kasuwa, ka duƙa ka karanta jikin tsohuwar tayar. Akwai lamba biyu da ɗan layi a tsakani, kamar 28-622 ko 32-630. Ta farko faɗin taya ne, ta biyu girman gare ne a milimita, kuma ita ce gaskiya. Sunayen inci ruɗi ne. Wadda ake ce wa 27 ita ce 630. Wadda aka rubuta 700C ita ce 622, kuma wani lokaci ana rubuta mata 28. Tayar babban keke ita ma 28 ake ce mata, alhali 635 ce. Wasu kekunan Faransa ma 650B suke ci, wato 584. Mai shago zai ce maka duk ɗaya ne. Ba ɗaya ba ne: ƙarama ba za ta hau ba sai an yaga bakinta, babba kuma za ta hau cikin sauƙi ta fice maka a tsakiyar titi. Ka rubuta lambar a takarda, ko ka ɗauki garen ka tafi da shi.

Faɗi kuwa, ka sa mafi faɗin da firam zai ɗauka. Yawancin irin waɗannan suna karɓar 32, wasu har 35. A bar sarari kamar kaurin fensir ɗin ɗalibanka ko ƙasa kaɗan tsakanin taya da ƙarfe ta kowane gefe. Kada ka ji tsoron za ta rage maka gudu, a titi mai faci-faci da yashi a gefe taya mai ɗan faɗi ta fi siririya tafiya, kuma ita ce ke shanye girgizar da hannunka ke sha yanzu. Iska ita ma da iyakarta. Ga mutum mai kilo 65 zuwa 70 a kan taya 32, idan geji ya nuna 55 zuwa 65 a lissafin PSI, wato ma'aunin ƙarfin iska, ya isa, gaba ta ɗan gaza baya. Kada ka bari a cika maka da injin masu facin mota ba geji. Tsofaffin garuka da yawa ba su da ɗan leɓen ciki da ke riƙe bakin taya, in aka wuce 70 aka kuma bar keke a rana tsaka lokacin bazara, da zafi ke haura 40, sai ka ji ƙara kamar bindiga. Ka nema masa inuwar dogon yaro a makaranta. Ka sayi famfon hannu naka. Idan bawul ɗinka siriri ne irin na Faransa, akwai ɗan ƙaramin ƙarfen da ake ɗaurawa a kansa ya karɓi famfon kowa, ka ajiye shi a aljihun jaka.

Faci sau huɗu a sati biyu yana da dalili, kuma tiyub ɗin zai gaya maka. Ka hura shi ka ga inda ramin yake. Idan ta ciki ne, ɓangaren da ke kallon gare, to ƙyallen da ke rufe kawunan sifok ya mutu, ƙarfe ke huda shi. A sa sabo, ko a yanka tsohon tiyub a zagaya. Idan ramuka biyu ne gefe da gefe kamar saran maciji, iska ce ta yi kaɗan ka faɗa rami, gare ya cije tiyub. Idan ɗan rami ɗaya ne ta waje, ƙaya ce, kuma sau da yawa tana nan maƙale cikin taya, mai faci ya liƙe ya mayar, gobe ta sake hudawa. Ka sa ya zagaya cikin tayar da ƙyalle ko yatsa a gabanka. Babban abokin gabarmu tsidau ne, musamman bayan damina idan 'ya'yansa sun bushe a gefen hanya, sai ƙayar aduwa da ta bagaruwa. Ka guji yanke hanya ta cikin ciyawa da fegi. Wasu suna yanke bakin tsohuwar siririyar taya su shimfiɗa ta cikin sabuwa ta zama garkuwa. Yana aiki, yana kuma ƙara nauyi a inda nauyi ya fi damun ƙafa. Ni a baya kaɗai nake sa wa, ita ta fi ɗaukar kaya ta kuma fi wahalar cirewa.

Giya goma ba ka bukatarsu. Ka ƙirga haƙoran farantan gaba, galibi za ka tarar 52 da 42, na baya kuma daga 14 zuwa 24 ko 28. Sababbin mahaya suna son babban faranti da ƙaramin na baya, suna ganin shi ne gudu. A haka kowane zagayen feda ɗaya yana kai ka wajen mita 8, amma da nishi, da gwiwa, da gumi. Ka koma kan 42 da na baya mai haƙora 17 ko 18. Zagaye ɗaya mita 5 ne da ɗan kai, in ƙafarka na juyawa sau 60 zuwa 70 a minti kana yin kilomita 18 zuwa 21 a awa. Tafiyarka ba za ta kai rabin awa ba, kuma za ka isa numfashinka a kwance. Ƙafa ta riƙa juyawa da sauƙi kamar mai taka keken ɗinki.

Don haka mai canza giyar gaba a cire shi, dama in ƙirar kamfanin Simplex ne mai baƙar roba, rana ta riga ta tsattsaga shi. Babban farantin kuma kada a yar: a goge haƙoransa da magagari har su shafe, a mayar da shi wurinsa, ya zama katanga tsakanin sarƙa da wandonka. Duk da haka ka riƙa ɗaure ƙafar wandon dama da roba, ka kuma tattare bayan kaftani ka zauna a kai, don kada ya shiga birkin baya. Giyar baya kuwa ni ina barinta in tana aiki, saboda ranar iska. Tun da ka ɗago zaune, sandar canjin da ke can ƙasa a jikin firam ta yi maka nisa, a sa ƙaramin abin canji na babban yatsa a kan keke, irin wanda ba ya ƙas-ƙas, kowanne zai yi da giya biyar. In ta lalace ba kuɗin wata, a cire, a rage tsawon sarƙa a ɗora ta kan haƙorin da ya yi layi ɗaya da farantin gaba, a ja garen baya har ta ɗame. Tsofaffin firam suna da doguwar tsaga a baya da ke ba da damar haka.

Sarƙa kuma ka auna ta da rula. Gaɓoɓi 12 cikakku, kowace ta ciki da ta waje a haɗe, inci 12 ne daidai. Idan ta wuce da milimita ɗaya da rabi, a canza. Idan ta kai uku, ta riga ta ci haƙoran baya, sabuwa za ta riƙa tsalle sai an canza su tare. Ina roƙonka kada ka sa mata baƙin man inji, kada ka sa giris. A ƙurar garin nan su ne ke kama yashi su zama abin niƙa. A wanke da kananzir, ta bushe, a ɗiga sabon mai ɗigo ɗaya a kowace gaɓa, a juya, sannan a goge bayanta da tsumma har ta kusa bushewa. Aikin mai a ciki yake. Lokacin hunturu ka yi haka duk sati.

Birki ba a yi masa rowa. Sababbin wayoyi da rigunansu, dama na da sun yi gajere ga sabon kai, da sababbin robobi, don tsofaffin sun zama dutse. Idan Mafac aka rubuta a jikin birkin, ka riƙe shi, yana da kyau ƙwarai, in yana kuka a karkata robar yadda gabanta zai fara taɓa gare. Ka kai mayen ƙarfe jikin garen. In ya kama, garen ƙarfe ne mai ƙyalli, kuma irinsa da ruwa ya taɓa shi birki kusan ba ya ci. A watan Agusta ka fara matsewa tun daga nesa, ko ka fake har ruwa ya tsagaita. Ranar da ka sami hali, garen alminiyom a gaba shi ne babban alherin da za ka yi wa keken. In naka 630 ne kuma tayarsa na wuyar samu, ana komawa 622, robar birki za ta sauko milimita 4 ne kawai, a gwada a gani ko birkin ya kai.

Jaka kada ta hau bayanka, ita ke jiƙa riga. A sa ƙaramar kariya a ɗaure ta da noti a 'yan ramukan da ke kusa da cibiyar baya, ta ɗauki littattafai da gorar ruwa da ɗan cefane, kilo 10 ko sama kaɗan. Goyon mutum babu, ko yara sun roƙe ka, garen baya ba zai ɗauka ba. Ƙararrawa, da jar fitila a baya saboda fitar sassafe da dawowa bayan magariba, don 'yan kabu-kabu su gan ka. Kwaɗo mai kyau, a ɗaure firam da wani abu kafaffe. Marufin taya mai tare laka zai iya jira sai damina ta matso.

In kuɗin bai kai a yi duka lokaci ɗaya ba, albashin wannan wata a yi giris da birki da taya, na gaba a yi kai da sirdi. Bayan an gama, ka hau shi sati biyu da sifana a jaka. Ka canza abu ɗaya a rana, kaɗan-kaɗan, kamar rabin santimita. Gaban gwiwa na ciwo, ɗaga sirdi. Bayan gwiwa na ja, sauke shi. Hannu na mutuwa, duba hancin sirdi tukuna, sannan ka ɗan juya kan keke yadda wuyan hannunka zai miƙe. Daga nan ka mayar da shi wajen mai gyara a sake bin sifok da wayoyin birki, don sababbi suna saki. Idan ƙafar fedarka irin mai kota ce, ƙusar nan da ke ratsa ta ta gefe, a duba ta ita ma ranar. Ta Faransa milimita 9 ce, ta kasuwa 9.5, sai an goge ta da magagari kafin ta zauna. Ƙahon ragon da tsohon wuyan kuma ka ɗaure su wuri ɗaya ka mayar wa kawunka, ko ka rataye a zauren inda keken ya fito.